"Under the tutelage of": abin da Bature ke nufi in ya ce a hannun wane ka tashi

Watannin baya 'yar ƙanwata ta turo mini wata takarda ta WhatsApp, ta ce, "Kawu, don Allah ka duba mini Turancin nan kafin in aika." Takardar neman tallafin karatun digiri na biyu ce a Ingila, irin wadda ake so ɗalibi ya ba da labarin kansa a shafi guda. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Na karanta, Turancin ba laifi, sai a sakin layi na biyu na ci karo da inda ta ce ta yi karatun haɗa magunguna "under the tutelage of" wani farfesa, ta jero sunansa da muƙamansa kaf. Na kira ta na ce, "Uwata, farfesan nan ya san sunanki kuwa?" Ta yi shiru, can ta ce a aji uku ya koyar da su kwas ɗaya, kuma sun haura ɗari biyu a ɗakin. Na ce to wannan magana ba nan ne mazauninta ba. Ta ce, "Kawu, ai na ga kowa haka yake rubutawa."

Gaskiyarta, kowa haka yake rubutawa. Ana ganin furucin a takardun neman aiki, da tarihin da ake karantawa in za a ba mutum lambar yabo, da ta'aziyyar manya a jaridu, da shafukan wasanni. Yana da nauyi a baki, yana kuma sa jimla ta yi kwarjini, shi ya sa masu rubuta Turanci a ƙasar nan suke son sa. Amma da yawanmu mun ɗauka ma'anarsa kawai "wane ya koyar da ni", an dai sa mata babbar riga ne. Ma'anar ta wuce nan, kuma wanda zai karanta takardar Uwata a Ingila ya san ta wuce nan.

Bari in fara da sauƙaƙan abubuwa in wuce. Kalmar "tutelage" gaɓa uku ce, kuma a gaɓar farko ake danna murya. Mutanen Ingila kan ce wani abu kamar "tiyutilij", Amurkawa su ce "tutilij", ƙarshenta yana fita kamar ƙarshen "village", ba a ja shi. Ba ta da jam'i a yadda ake amfani da ita yau da kullum. Ƙirar furucin biyu ce: ko a ce "under the tutelage of" a kawo sunan mutumin, ko a ce "under his tutelage" ko "under her tutelage" in an riga an ambace shi. Ba a cewa "by" a gurbin "of", ba a kuma rubuta "tutorlage", kuskuren da nake yawan gani domin kunne yana jin "tutor" a ciki. Furuci ne na rubutu da na jawabin taro. Wanda ya faɗe shi a teburin mai shayi, ko a Landan ne, za a dube shi.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawa. Suna da aikatau "tueri", wato tsarewa, ko zuba wa abu ido don kada ya lalace. Daga nan aka sami "tutor", mai tsaro, da "tutela", shi kansa aikin tsaron. Turanci ya ɗauki "tutelage" a farkon ƙarni na 17, kuma ma'anar da ya fara ba ta ita ce riƙo. Ma'anar koyarwa daga baya ta biyo. A dokar Rum, in uba ya mutu ya bar yaron da bai balaga ba, namiji ƙasa da shekara 14, mace ƙasa da 12, sai a naɗa masa "tutor". Wani uban ne yake ambata shi a wasiyyarsa, wani kusancin dangin uba ne yake ɗora masa, wani kuma hukuma ce take naɗa shi in babu waɗancan. Aikinsa ba karantar da yaro ba ne ko kaɗan. Dukiyar maraya yake tsarewa, kuma yaron ba ya iya ƙulla cinikin da zai ɗora masa bashi sai da amincewarsa. Ranar da yaro ya balaga riƙo ya ƙare, kuma yana da damar kai mai riƙon gaban shari'a ya nemi lissafin duk abin da aka yi da dukiyarsa. Wanda aka samu da cin amana, bayan biya, sunansa ya ɓaci a hukumance.

Duk wanda ya yi karatun zaure zai ji wannan bai yi masa baƙo ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a riƙa jarraba marayu har su kai munzalin aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu lokacin miƙawar. Wasiyyi ke nan a fiƙihunmu. Don haka in ana neman kalmar Hausa da ta fi kusa da tushen "tutelage", riƙo ce, kamar yadda muke cewa an ba wance riƙon yarinya, ko wane a hannun baffansa ya tashi. Rumawa sun ma shimfiɗa wannan riƙo a kan mata baligai, har zamanin Sarki Augustus aka yi doka cewa 'yantacciyar mace da ta haifi uku ta fita daga ƙarƙashinsa. Na kawo wannan ne don a ga cewa tun daga tushe kalmar tana nuna wanda ake ganin bai isa ya tsaya da ƙafarsa ba.

Har yau akwai ɓurɓushin tsohuwar ma'anar a Turanci. A kwalejojin Jami'ar Cambridge, wanda ake kira "tutor" shi ne mai kula da jin daɗin ɗalibi da matsalolinsa na kuɗi ko na lafiya, masu karantar da shi darasi suna da wani sunan daban. Ita ma "tuition", wadda a Amurka yanzu take nufin kuɗin makaranta, daga wannan tushe ta fito, kuma da can ita ma tsaro take nufi.

To in Bature ya rubuta cewa wane ya yi koyo "under the tutelage of" wane, abin da mai karatu zai fahimta shi ne an yi zama na tsawon lokaci, kuma na ido da ido. Babban yana da iko a kan ƙaramin, yana iya cewa yi ko bari. Nauyin ƙaramin kuma yana wuyansa, in ya lalace shi za a tambaya. Sannan akwai abin da aka fi mantawa, wato zaman yana da ranar ƙarewa. Shi ya sa furucin ya fi zuwa da aikatau na abin da ya wuce, kuma aikatau ɗin da ke yawan raka shi na girma ne da gogewa: "trained", "studied", "developed", "flourished". Ana faɗarsa ne don a nuna inda gwani ya samo gwanintarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji Bahaushe, kuma kusan abin da jimlar take son mai karatu ya ji ke nan game da wanda ake ba da tarihinsa.

Misalan da littattafan Turai suka fi kawowa sun nuna haka. A shekara ta 343 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Filibus na Makidoniya ya ɗauko Aristotle, masanin falsafa na Girka, ya damƙa masa ɗansa Iskandar, yana ɗan shekara 13, suka tare a wani wuri da ake kira Mieza na 'yan shekaru. Shahararren mai zane Leonardo da Vinci yana matashi aka kai shi shagon Andrea del Verrocchio a birnin Florence na Italiya, inda yaran shago ke farawa da niƙa launi da share ƙasa kafin a bar su su taɓa zane. Marubutan wasanni ma in sun yi amfani da shi daidai, irin wannan zama suke nufi. Cristiano Ronaldo ya zo Manchester United a 2003 yana ɗan shekara 18, ya shekara shida a hannun Alex Ferguson, ya ci kyautar Ballon d'Or a 2008 kafin ya tafi Real Madrid a 2009. Nan furucin ya zauna daram. Haka Nwankwo Kanu a Ajax a hannun Louis van Gaal, lokacin da suka ci kofin zakarun Turai a 1995 yana matashi. Amma in gogaggen ɗan wasa mai shekara 33 ya koma wata ƙungiya ya buga kaka ɗaya, a rubuta cewa ya yi wasa "under the tutelage of" kocin, an yi wa kalmar lodin da ba nata ba. "Under" kaɗai ta wadatar.

Labarin da ya fi koya mini yadda kalmar take shi ne na Michael Faraday, masanin kimiyya na Ingila. Ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, bai yi boko mai zurfi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya shekara bakwai yana ɗinki yana karanta abin da aka kawo ɗinki. A 1812 ya halarci laccocin Humphry Davy, babban masanin sinadarai na Ingila a lokacin, ya rubuta abin da ya ji da hannunsa, ya ɗinke shi littafi ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution. A wannan shekarar suka fita rangadin Turai na kusan shekara ɗaya da rabi, inda Faraday ya haɗu da manyan masana, amma a tafiyar an sa shi aikin yaron gida, kuma matar Davy ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Duk wani marubucin tarihi zai ce Faraday ya goge "under Davy's tutelage", kuma gaskiya ne. Sai dai da yaro ya fara fice, a 1821 ya nuna yadda lantarki da maganaɗisu za su sa abu ya riƙa juyawa, zama ya yi tsami. A 1823 da aka gabatar da sunansa don zama ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society, Davy, wanda shi ne shugabanta, ya yi adawa. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824. Abin da ya faru a nan shi ne lokacin yaye ya yi, mai riƙo bai so ya saki ba. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago a Kantin Kwari ko ɗan koyo a garejin makanike ya san wannan gaɓa, ranar da yaro ya isa a sallame shi da jari ko da kayan aiki, uban gida kuma yana ta ɗaga ranar.

Muna da namu misalin da ya fi wannan kyau, kuma masu rubuta tarihin Sakkwato da Turanci sukan yi amfani da wannan furuci a kansa. Shehu Usman Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya yi karatu wurin malamai da dama, kuma ƙaninsa Abdullahi ya lissafa su a littafinsa Ida'un Nusukh. A cikinsu akwai Usman Binduri, wanda Shehu ya lizimta kusan shekara biyu yana koyi da shi a ɗabi'a da ibada da wa'azi. Akwai kuma Malam Jibrila ɗan Umar, wanda Shehu ya bi har Agadas. Da Malam Jibrila zai wuce aikin hajji, sai ya mayar da almajirin nasa gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. A nan ake ganin bambancin mai riƙo da mai ba da darasi. Malamin da karatu kawai ya haɗa shi da ɗalibi ba ruwansa da izinin uba. Wanda yake ganin yaron amana ce a hannunsa shi ne zai juyo da shi daga Agadas. Daga baya kuma Shehu ya saɓa wa Malam Jibrila a rubuce kan mas'alar kafirta mai aikata manyan zunubai, tare da cewa bai daina girmama shi da ambaton falalarsa ba. Almajiri ya tsaya da ƙafarsa, zumunci bai yanke ba.

Yanzu ga ɓangaren da nake so masu fassara da 'yan jarida su fi kula da shi. Kalmar da take yabo in an faɗe ta a kan ƙuruciyar mutum, tana iya zama raini in an faɗe ta a kan babba, ko a kan al'umma. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a yarjejeniyar Versailles ta 1919, aka kafa tsohuwar majalisar ƙasashen duniya wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashe na 22 na kundinta ya yi magana kan yankunan da aka ƙwace daga Jamus da Daular Usmaniyya. Ya siffanta mazauna cikinsu da mutanen da ba su kai ga iya tsayawa da kansu ba a wahalhalun duniyar zamani, ya kuma ce hanyar da ta fi ita ce "the tutelage of such peoples should be entrusted to advanced nations", wato a damƙa riƙon irin waɗannan mutane a hannun ƙasashen da suka ci gaba. Waɗanda suka tsara wannan jimla sun san dokar Rum sarai. Sun mai da Iraƙi da Siriya da Falasɗinu da Tanganyika da Togo da Kamaru marayu, suka naɗa kansu wasiyyai, ba tare da an tambayi marayun ba.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye. An raba Kamaru ta Jamus tsakanin Faransa da Ingila, kuma yankin arewa na rabon Ingila, inda Mubi da Ganye da tsaunin Mambila suke, ya zauna a wannan matsayi na riƙo, daga baya a ƙarƙashin tsarin amana na Majalisar Ɗinkin Duniya, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 mutanensa suka zaɓi Nijeriya. Ranar 1 ga Yunin 1961 ya shigo, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Wasu yankunan ba su sami wannan sauƙi ba. Namibiya, wadda aka ba Afirka ta Kudu riƙonta, sai 1990 ta kuɓuta. Saboda wannan tarihi, in ka karanta a sharhin siyasa an ce wata ƙasa tana "under foreign tutelage", ko wata gwamnati tana "under military tutelage", to suka ce. Marubucin yana cewa an hana baligi ikon kansa. Na sha jin an fassara irin wannan jimla a rediyo da "ƙarƙashin jagorancin", sai zafin maganar ya ɓace gaba ɗaya, mai sauraro ya ɗauka taimako ake yi wa ƙasar.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi boko da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci "tutelle" ta tsaya a kan ma'anar riƙo da sa ido na hukuma. In an ce wata hukuma tana "sous la tutelle" ta wata ma'aikata, ana nufin ma'aikatar ce ke kula da ita a tsarin gwamnati, kuma kalma ce ta yau da kullum a ofisoshin Yamai da Damagaram. Wanda ya saba da wannan, in ya zo rubuta Turanci, sai ya ce asibiti yana "under the tutelage of" ma'aikatar lafiya. Bature zai gane, amma zai ji wani iri, domin a Turancin yau furucin ya fi karkata ga mutum da mutum. A nan "under the supervision of" ko "under the authority of" ake so.

Akwai maƙwabtan wannan furuci da ake yawan cakuɗa su da shi. "Under the aegis of" daga tatsuniyoyin Girka ya fito, inda "aegis" take nufin garkuwar Zeus da Athena, allolin da Girkawa suke bauta wa a da. "Under the auspices of" kuma daga al'adar Rumawa ta duban tashin tsuntsaye kafin a fara wani babban al'amari. Dukansu biyu na ƙungiyoyi ne da hukumomi, kuma Hausa tana da abin da ya yi daidai da su cif: a ƙarƙashin inuwar, ko a ƙarƙashin lemar. Taron sulhu ana yin sa a ƙarƙashin inuwar Tarayyar Afirka, ba wanda ke koyon komai a wurin kowa. Saboda haka ba a cewa an yi taro "under the tutelage of" wata ƙungiya, ba a kuma cewa ɗalibi ya yi karatu "under the auspices of" malaminsa, sai dai in malamin ne ya ɗauki nauyin shirin.

"To take someone under one's wing" shi ne ɗan'uwansa na cikin gida, wanda ake faɗa a hira. Hoton kaza ne da 'yan tsakinta a ƙarƙashin fiffike, kuma ya shiga Turanci sosai ta hanyar Littafi Mai Tsarki, inda Linjilar Matiyu 23:37 ta kawo wannan kwatanci. Musulmi ma ya san fiffike a matsayin tausasawa, daga aya ta 24 a Suratul Isra'i da ta ce a sassauta wa iyaye fiffiken ƙanƙan da kai don rahama, ko da yake a can ɗa ne ke sassautawa. Bambancinsa da "tutelage" shi ne wannan na ganin dama ne da tausayi. Tsohon ma'aikaci ya ga sabon zuwa yana ta kame-kame a ofis, ya jawo shi jiki yana nuna masa hanya, ba wanda ya ɗora masa. Shi kuwa "to sit at the feet of", wanda ya samo asali daga maganar Bulus a Ayyukan Manzanni 22:3 cewa ya yi karatu a gaban Gamaliyel, wani malamin Yahudawa, shi ne ya fi kama da namu "ya durƙusa a gaban malam wane". Girmamawar almajiri yake fitowa da ita, ba nauyin da ke kan malami ba.

Ita kanta kalmar "mentor", wadda matasanmu suka runguma yanzu, sunan mutum ce a waƙar Odyssey ta Homer, tsohon mawaƙin Girka: abokin da Odysseus ya bar wa amanar gidansa da zai tafi yaƙin Troy. A cikin waƙar, Athena ce take shiga siffarsa ta ba ɗan Odysseus, Telemachus, shawara. Abin da ya mai da sunan kalmar gama-gari shi ne littafin da marubuci Fénelon ya fitar a Faransa a 1699 kan tafiye-tafiyen Telemachus, wanda ya rubuta don tarbiyyar jikan Sarki Louis na 14. A yau "mentor" mai ba da shawara ne wanda ba lallai yana da iko a kanka ba. Kana iya jin maganarsa ka ƙi ɗauka, kana iya samun uku a lokaci guda, kuna iya yin shekara a waya kawai kuke gaisawa. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, wannan shi ne aikinsa. Mai "tutelage" kuwa hannunka yana cikin nasa ne kuna tsallakawa.

To yaya za a fassara furucin in an ci karo da shi? Ni ban yarda da fassara ɗaya tilo ba, domin Hausa ta rarrabe abin da Turanci ya dunƙule. In maganar ilimi ce, "ya yi karatu a wurin wane" ko "a gaban wane" ya isa, in kuma zaman ya yi tsawo a ce "ya lizimci wane". In sana'a ce, "ya koyi aiki a hannun wane", ko "wane ne ya yaye shi". In tarbiyya ce ta gaba ɗaya, "a hannunsa ya tashi", ko "renonsa ne". In shari'a ce, riƙo ko wasicci. In siyasar ƙasashe ce kuma marubucin suka yake yi, sai a fito da sukar: an mai da ƙasar 'yar riƙo, ko ana juya ta kamar ba ta san ciwon kanta ba. "Ƙarƙashin jagorancin" da "ƙarƙashin kulawar" ba kuskure ba ne ko da yaushe, amma sun zama mafakar mai gaggawa, kuma suna shafe bambancin da ke tsakanin shugaban kwamiti da mutumin da ya shekara goma yana gyara wa yaro hannu. Sai a kiyaye da "uban gida" ma. A siyasarmu uban gida sau da yawa shi ne mai ɗaure wa mutum gindi, wanda Turancin Nijeriya ke kira "godfather", kuma in an rubuta cewa ɗan siyasa ya taso "under the tutelage of" wani jigo, mai karatu yana da damar tambaya ko koyon aiki aka yi, ko kuwa kujera aka ba shi.

Da na gama yi wa Uwata wannan dogon bayani a waya, sai na tambaye ta wa ya koya mata aikin da take taƙama da shi a takardar, wato gane jabun magani da lissafin awo na yara. Ta ce wata Hajiya ce mai kula da ɗakin magani a asibitin da ta yi aikin koyo na shekara guda, kuma ta ci gaba da zuwa wurinta lokacin hidimar ƙasa. Ita ce take tsayawa a kanta tana duba duk takardar likita da ta karanta, ta hana ta miƙa wa majinyaci ko ƙwaya ɗaya sai ta gani, har wata rana ta miƙa mata mabuɗin ɗakin ta ce daga yau ke ce da aikin dare. Na ce, "To Uwata, me ya hana ki sa sunanta?" Ta ce ai ba farfesa ba ce, ba wanda ya san ta a Ingila. Na ce masu karanta takardar ba sanannen suna suke nema ba, so suke su ga wanda zai iya tsayawa ya ce na san hannun yarinyar nan, kuma in suka rubuto wa farfesan suna tambaya, me zai ce?

Ta gyara. Farfesan ya koma inda ya dace, a jerin kwasa-kwasan da ta ɗauka, da kalmar "taught by". Hajiya kuma ta samu jimlarta, da shekarun da aka yi tare da abin da aka koya. Washegari Uwata ta saka hijabinta ta tafi asibitin da takardar a hannu, ta ce ba za ta aika ba sai ta karanta wa Hajiya ta kuma nemi izininta.